Abin Da Matuƙin Jirgin Sama Ke Yi Kafin Farfela Ta Juya

Yau za mu ɗan bar madafa da keken ɗinki, mu leƙa filin jirgin sama. Kada wata ta ce ai wannan zancen maza ne. Mu ne masu rakiyar alhazai, mu ne masu tarbarsu, da yawa daga cikinmu kuma sun shiga jirgin da ƙafarsu. Amma da za a tambaye mu abin da mutanen nan biyu da ke zaune a goshin jirgi suke yi tun daga sa'ad da aka rufe ƙofa har jirgi ya motsa, sai mu yi tsuru-tsuru. Wasu na tsammanin makulli ake murɗawa kamar na mota. Wasu kuwa da sun ga an yi minti goma ba a tashi ba, sai gabansu ya shiga faɗuwa, su ce lalle jirgin nan ba shi da lafiya. Alhali kuwa a cikin waɗannan mintoci ne matuƙi ke yin aikin da ya fi bukatar natsuwa, kuma yawancinsa karatu ne da dubawa da jira.

Jirgin da nake nufi ba babban nan na aikin hajji ba ne. Ƙanensa ne, mai farfela biyu, ɗaya a kowane fiffike, wanda ke ɗaukar fasinja 40 zuwa 70, yana zirga-zirga tsakanin garuruwan da ba su da nisa da juna. Kano dai ta daɗe da sanin jirgin sama, domin ran 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan Ingila, waɗanda suka taso daga Masar, suka sauka a filin wasan dawaki na birnin. To amma ɗaya daga cikin jiragen da suka sa mutanen Arewa suka saba da tafiyar sama ta cikin gida shi ne Fokker F27, ƙirar ƙasar Holan, wanda kamfanin Nigeria Airways ya fara aiki da shi a 1963. Ya yi ta zuwa Kaduna da Kano da Jos da Sakkwato da Maiduguri da Yola. In kika ɗauki taswira kika ja miƙaƙƙen layi daga Kano zuwa Jos, za ki ga layin ya bi ta dab da duwatsunmu na Riruwai. Tafiyar da mota ke kwashe awoyi tana yi, ta Kwanar Dangora da Tudun Wada da dajin Falgore, irin wannan jirgi ba ya cika awa guda yake gama ta. Kamfanin nan ya rushe a 2003, amma dangin jirgin suna nan suna aiki. Daga cikinsu akwai ATR, ƙirar haɗin gwiwar Faransa da Italiya, irin wanda kamfanin Overland Airways ke amfani da shi a nan ƙasar. Da shi zan fi kafa misali.

Zugazugin maƙeri

Sai mun san injin kafin mu gane tayar da shi. Ba fetur yake sha ba, kananzir ne, ɗan'uwan wanda muke zuba wa fitila da risho, sai dai an tace shi ƙwarai. Daga gaba injin ke zuƙo iska, wasu fankoki da ke cikinsa su matse ta su tura ta cikin wani ɗan ɗaki, kamar yadda maƙeri ke tura iska cikin gawayi da zugazugi. A ɗakin nan ake fesa kananzir a kunna wuta. Iskar da ta yi zafi ta kumbura sai ta fita da ƙarfi ta baya, a kan hanyarta kuma ta juya wasu fankokin, su kuma su juya sandar ƙarfen da ke zuwa ga farfela. Gudun cikin injin ya wuce misali. Na Fokker F27, watau injin Rolls-Royce Dart, yakan yi juyi 15,000 a minti guda, na ATR kuwa ya haura 30,000. Farfela ba za ta jure wannan ba, saboda haka akwai giya a tsakani da ke rage gudun, ya dawo kamar juyi 1,200 a minti.

Ga abin da nake so ki riƙe. Wutar nan ba ta mutuwa muddin injin na aiki, kuma zafinta ya isa ya lalata ƙarfen da ke kewaye da ita. Abin da ke hana hakan shi ne iskar nan dai, domin kaɗan daga cikinta ne ke shiga wuta, mafi yawanta sanyaya injin take yi. Ke nan lokacin da ake jin tsoro shi ne farkon tayarwa, sa'ad da fankokin ba su yi gudu ba, iska kaɗan ce, ga shi kuma dole a kunna wuta.

Ita ma farfela ba kamar fankar ɗaki take ba. Matuƙi na iya karkata fuka-fukanta daga inda yake zaune. Ɗauki faifai ki tsaya cikin iska. In kin tare iskar da fuskarsa, za ki ji tana ture shi. In kin juya shi iskar ta bi ta gefensa, ba za ki ji komai ba. Haka ake yi wa farfela: a karkata ta ta ciji iska ta ja jirgi, ko a miƙe ta a gefe ta daina ja ta daina tarewa. Wannan miƙewar gefe za mu sake haɗuwa da ita.

Tun jirgi na kwance

Matuƙa biyu ne, kyaftin a kujerar hagu, mataimaki a ta dama. Tun kafin a kira fasinja sun iso, sun karanta rahoton yanayi na garin da suke da na garin da za su. Sun yi lissafin mai: wanda zai kai su, da wanda zai kai su wani filin dabam idan saukar ta ƙi, sa'an nan da ajiyar minti 30 wadda ba a taɓawa sai rai ya zo wuya. An auna kaya, an ƙirga mutane, an kuma tsara inda za a loda kowane kaya don kada goshi ko wutsiya ta rinjaya, kamar dai mai jaki da mangala.

Kana sai ɗayansu ya sauka ƙasa ya zagaye jirgin da ƙafa, ko rana ake yi ko yayyafi, in dare ne da tocila. Yakan duba tayoyi da birki, ya dubi fuka-fukan farfela ko tsakuwa ta yi musu tsagu, ya leƙa ƙarƙashin injin ko mai na ɗiga, ya leƙa bakinsa ko tsuntsu ya kai ciyawa. Makanikai kuma sukan tsiyayi ɗan mai daga gindin tanki cikin kwalba, domin ruwa ya fi kananzir nauyi, in ya shiga a can ƙasa yake kwanciya.

A goshin jirgi akwai wasu 'yan bututu, bakinsu bai kai kaurin fensir ba, su ke gaya wa matuƙi gudun da yake yi. In jirgi zai kwana, sai a sa musu marfi mai jan ƙyalle yana reto, don kowa ya gani a tuna a cire. Me ake tsoro? Zanzaro, wannan dai mai gina ɗakin laka a bayan ƙofarki da hancin buta. A watan Fabrairu 1996 wani jirgin Boeing 757 ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu. Bincike ya nuna ɗaya daga cikin bututun nan ne ya toshe, masu binciken kuma suka fi kyautata zaton zanzaro ne ya yi gini a ciki a kwanakin da jirgin ya yi a ajiye. Allah Ya kiyaye.

Takardar da ba a raina ta

Da sun zauna sun ɗaura bel, sai su bi maɓallai da agogunan da ke gabansu da bisa kansu, kowa da nasa ɓangaren, su saita su da ka. Bayan nan sai a ɗauko takardar bin ƙa'ida. Ɗaya ya karanta layi, ɗayan ya kai idonsa kan abin da aka ambata, ya ga yadda yake, sa'an nan ya amsa da baki. Birkin tsayuwa? An ja. Mai? Kilo kaza. Ƙofofi? A rufe. In amsar ba ta zo daidai da abin da aka rubuta ba, ba a wucewa layi na gaba. In kuwa wani ya katse su, sau da yawa sukan koma su faro daga sama.

Asalin wannan takarda daga Amurka ne. Ran 30 ga Oktoba 1935, a garin Dayton na jihar Ohayo, aka fito da wani sabon jirgin kamfanin Boeing mai inji huɗu don gwaji a gaban soja. Wanda ya tuƙa shi, Manjo Ployer Hill, yana cikin gwanayen zamaninsa. Jirgin ya tashi, ya ɗaga kai sama, ya ƙi sunkuyowa, ya faɗo ya kama wuta, mutum biyu suka rasu har da shi Manjon. Da aka bincika sai aka tarar ba abin da ya sami injin. Akwai wata sakata da ake kulle matuƙan wutsiya da ita don kada iska ta yi ta kaɗa su in jirgi na ajiye, ita aka manta ba a zare ba. Daga nan matuƙa suka yarda cewa abubuwan sun yi wa kan mutum ɗaya yawa, komai gwanintarsa, suka rubuta su a jere. Jirgin ATR na yau ma yana da irin wannan sakata, kuma tana cikin takardarsa.

Mu malamai mun saba yaba wa yarinya mai hadda, kuma ba laifi. Amma abin da ya burge ni a nan shi ne, kyaftin da ya shekara ashirin yana tuƙi, wanda ko cikin barci zai iya zayyano takardar nan, ba a yarda ya dogara da haddarsa ba, shi ma kuma ba ya jin an ƙasƙanta shi don yaron da ya haifa ya karanta masa yana amsawa.

Minti guda mai tsada

Injin ba ya tashi da kansa. Akwai ɗan injin lantarki a jikinsa da ke fara juya shi, wutar kuwa daga batir ɗin jirgi take zuwa, ko daga wani janareto da ake jawowa a kan amalanke a jona. Sai mataimaki ya kira hasumiya ta rediyo, da Ingilishi, ya nemi izinin tayarwa. In an ba su, sai a kunna jar fitilar nan mai walƙiya a jikin jirgi, wadda ke gaya wa duk ma'aikacin da ke ƙasa ya ja da baya. Farfela in tana gudu ba a ganinta sosai, kuma ba ta yi wa kowa gargaɗi. Wani ma'aikaci yakan tsaya a gaba inda kyaftin ke ganinsa, ya tabbatar ba kowa kusa, ya nuna lambar injin da yatsunsa, ya juya ɗaya hannun sama. Galibi injin dama ake fara tayarwa, domin ƙofar fasinja a hagu take.

Sai a danna maɓallin tayarwa, a kuma danna agogon ƙirga daƙiƙa. A wannan lokaci ba a saki ko ɗigon mai ba, iska kawai ake zuƙa. Idanunsu na kan allurar da ke nuna gudun injin. A jirgin ATR, sai ta kai kashi 10 cikin 100 sa'an nan matuƙi ya tura wani hannu gaba, ya buɗe wa kananzir hanya, filogi na ta ƙyasta wuta a ciki. In kuwa injin bai huce daga tafiyar da ya dawo ba, sai a ɗan ƙara jinkirtawa iska ta ratsa shi tukuna. Hannun matuƙi ba ya barin wannan hannun mai, domin watakila cikin ƙiftawar ido a bukaci mayar da shi.

Yanzu ido ya koma kan agogon zafi. Cikin daƙiƙa 10 dole allurar ta motsa, alamar wuta ta kama. Da ta motsa kuwa sai ta yi ta hawa da sauri. Ruwa na tafasa a digiri 100, tukunyar alminiyam na narkewa a wajen 660, amma a tayar da wannan inji allura takan wuce nan kafin ta dawo ta zauna. Iyakar da aka yanka masa ita ce digiri 950, shi ma na daƙiƙa 5 kacal. Matuƙi ba ya jira ta kai can. Saurin hawanta yake kallo, in ya ga ta tasam ma 900 ba ta da niyyar lafawa, sai ya fizgo hannun mai baya ya kashe wutar. Abin da ke jawo haka sau da yawa raunin batir ne, watau bai juya injin da ƙarfin da zai ba da isasshiyar iska ba, ko kuwa iska mai ƙarfi na bugowa daga bayan jirgi tana mayar da zafi ciki. Sakacin daƙiƙa biyu ko uku a nan na iya sa a sauke inji ɗungurungum a kai shi gyara, kuɗin kuwa ba na wasa ba ne.

Wani lokaci kuma wutar ce ba ta kamawa sam, kananzir ya yi ta zuba a ciki. Uwargida, ke kin fi kowa sanin wannan. In lagwanin risho ya jiƙe sharkaf, kin ƙyasta ashana ta mutu, kin sake ta mutu, ta ukun in ta kama ai har gira sai ta taɓa. To haka injin yake. Don haka ba a sake gwadawa nan take. Sai a rufe mai, a kashe filogi, a juya injin da iska zalla har ya bushe, a kuma bar ɗan injin lantarkin ya huce, domin shi ma yana da iyakar daƙiƙoƙin da zai yi aiki a jere. Akwai kuma sa'ad da wutar ke kamawa amma gudun ya tsaya a tsakiya, ya ƙi gaba, zafi na ƙaruwa. Maganinsa ɗaya ne da na farko, a kashe. Fasinja da ke baya abin da zai ji kawai shi ne ƙara ta taso ta koma, sai ya ce jirgi ya ƙi tashi. A gaskiya matuƙi ne ya hana shi, kuma ya kyauta.

In komai ya tafi daidai, da gudu ya kai kashi 45 cikin 100 ɗan injin lantarkin zai saki da kansa, allurar man giris ta hau, zafi ya sauko ya tsaya wuri ɗaya. Duk wannan bai cika minti guda ba. Sai a koma wa injin hagu a maimaita, ba tare da an tsallake ko abu ɗaya ba don na farko ya yi kyau.

ATR yana da wata dabara da kan ruɗa fasinja. Za ki iso gindin jirgi ki ji inji na ruri, amma farfela biyun duk a tsaye. Injin dama ne ke aiki, an danne farfelarsa da birki, domin ya ba da lantarki da iska mai sanyi ga waɗanda ke shiga. Hakan na yiwuwa saboda fankokin da ke juya farfela ba a haɗe suke da na cikin injin ba, iska ce kawai tsakaninsu. Tsohon Fokker F27 ba haka yake ba, sanda guda ce tun daga ciki har waje, da an danna maɓalli farfela ke fara juyawa. An kuma san injinsa da wata siririyar ƙara mai shiga kunne, wadda ke sa ma'aikatan ƙasa toshe kunnuwa.

Bayan injin biyu sun zauna, sai a cire wayar janareto, a karkata farfela daga miƙewar gefe zuwa cizon iska, a nan ne za ki ji ƙarar ta sauya. A sauke 'yan fuka-fukan bayan fiffike gwargwadon tashi, a zare sakatar nan ta 1935, a motsa matuƙai hagu da dama, sama da ƙasa, a ga ba abin da ya cije. A sake karanta takarda. A cire wejin taya. Sai a sake neman izini kafin a gangara zuwa titin tashi.

Bazara da hunturu

Matuƙan da ke aiki a Arewa suna da abokan gaba biyu da kalanda ke kawo musu. Na farko zafin bazara. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40, iska mai zafi kuwa ba ta da kauri, injin ba ya samun abin da zai zuƙa sosai, farfela da fiffike ba su samun abin da za su kama. Tudu ma haka yake yi. Filin jirgin Kano bai kai mita 500 bisa teku ba, na Jos kuwa ya kusa mita 1,300. In tudu da zafin rana suka haɗu, jirgi na bukatar titi mai tsawo, ko kuwa a rage masa nauyi. Akwai jadawalin da matuƙi ke dubawa ya ga iyakar kilon da zai iya tashi da shi a wannan zafi, ko da inji ɗaya ya mutu ana cikin tashi. Saboda haka in aka ce miki buhunki zai biyo jirgin gobe, ba koyaushe ne wulaƙanci ba, ko da yake na san ba daɗi. A zamanin Fokker F27 har wani haɗin ruwa da sinadari ake fesa wa injin a lokacin tashi don a maido masa da ƙarfin da zafi ya ɗauke.

Na biyu hazon hunturu. Mu a nan sanyinsa muke kuka da shi, da faso da tarin yara. Matuƙi kuwa nisan ganinsa yake ci. Kowane fili yana da iyakar da aka rubuta: in ganin ido bai kai mita kaza ba, ba sauka. Ba a tayar da inji a Kano don zuwa garin da hazo ya rufe, sai a zauna a jira rahoto na gaba, fasinja na ta tsaki. Da damina kuma hadari ne. Irin wannan jirgi ba ya wuce ƙafa 25,000 a sama, gajimaren hadari kuwa ya fi haka tsawo nesa ba kusa ba, don haka sai dai a kewaye shi.

Inda kunya ba ta da wuri

A gidajenmu an hore mu kada ƙarami ya gyara wa babba magana a gaban mutane, kuma tarbiyya ce mai kyau a muhallinta. A goshin jirgi an yi watsi da ita da gangan. Bayan haɗarin tsibirin Tenerif na 1977, inda jirage biyu suka yi karo a kan titi mutum 583 suka rasu, aka shiga koya wa matuƙa cewa wajibi ne mataimaki ya faɗi abin da ya gani da babbar murya, wajibi ne kuma kyaftin ya saurara. An kuma hana su hirar da ba ta aiki ba tun daga motsin jirgi har ya haura ƙafa 10,000, haka ma in za a sauka. Ba labarin gida, ba na kasuwa.

Kin tuna hannun nan da ke buɗe mai ya kuma miƙe farfela a gefe? Ran 15 ga Janairu 2023 wani jirgin ATR 72 na dab da sauka a garin Pokhara na ƙasar Nepal. Wadda ke tuƙi ta nemi a ƙara sauke fuka-fukan bayan fiffike. Malamin da ke zaune gefenta, wanda ya fi ta daɗewa a aiki, ya amsa, amma hannunsa ya sauka a kan hannayen farfela da ke kusa, ya miƙe su duka biyu. Injuna na aiki, farfela ba ta ja, gudun jirgi ya yi ta raguwa har ya faɗi. Mutum 72 ne a ciki, ba wanda ya tsira. Baki ya amsa daidai, ido ne bai bi hannu ba. Shi ya sa ake nanata wa ɗalibai cewa in an ba da umarni a duba a ga abin ya faru a kan agogo, kuma in za a taɓa hannun mai a sama sai ɗaya ya ɗora hannu, ɗayan ya duba ya ce i, shi ne. Sau biyu a shekara kowane matuƙin jirgin fasinja ke komawa gwaji, galibi cikin na'urar kwaikwayon jirgi, a kashe masa inji ana tsakiyar tashi a ga yadda zai yi.

Hanyar Zariya

Ku 'yan makaranta, wurin koyon wannan aiki ba a bayan duniya yake ba. Makarantar koyon aikin jirgin sama ta Zariya an kafa ta tun 1964. A can Chinyere Kalu ta shiga a 1978, ta sami lasin tuƙin jirgin kasuwanci a 1981, ta zama mace ta farko a Nijeriya da ta yi haka, a 2011 kuma aka naɗa ta shugabar makarantar. Marigayiya Hadiza Lantana Oboh ta kai muƙamin kyaftin a Nigeria Airways. Blessing Liman, 'yar Zangon Katab a Jihar Kaduna, ita ce mace ta farko da ta zama matuƙiya a sojan saman Nijeriya, ita ma ta bi ta Zariya. A cikin duk abin da na zayyana a sama ban ga inda ake ɗaga buhu ba. Karatu ne, da lissafi, da ido, da iya buɗe baki a faɗi gaskiya.

Ba zan ɓoye muku ba, kuɗin koyon tuƙi yana da yawa, ya fi ƙarfin yawancin gidaje sai da tallafin gwamnati ko na kamfani. Amma makarantar ba matuƙa kaɗai take yayewa ba. Tana koyar da injiniyoyin da ke duba injin, da masu zama a hasumiya suna ba da izini, da masu lissafin mai da nauyi. Kusan duk waɗannan suna neman kyakkyawan sakamako a Ingilishi da lissafi da fizis a jarrabawar gama sakandare, saboda haka wadda ke aji uku na ƙaramar sakandare, yanzu ne ake zaɓen ajin kimiyya, iyaye mata kuma ku sa baki. Mai son tuƙi sai likita ya gwada idonta da kunnenta da zuciyarta, kuma za a riƙa maimaita gwajin muddin tana aiki. Da ƙaramin jirgi mai inji ɗaya ake farawa, malami na gefe, har ranar da zai sauka ya bar ta ta zagaya fili ita kaɗai. Bayan ta sami lasin sai ta koyi irin jirgin da za ta tuƙa, ta zauna a kujerar dama tana karanta takarda, sai ta tara awa 1,500 a sama kafin ta nemi babban lasin da ake hawa kujerar hagu da shi.